Igiyar Ulu a Ƙafar Duha

Katanga ɗaya ce ta raba gidana da gidan Habboba Nana A'isha a unguwar Umbadda ta Umdurman, tsallaken kogi daga Khartum, nan bayan Kasuwar Libiya, kuma idan na taka bokiti ina ganin tsakar gidansu kakaf. Don haka abin da zan faɗa ba a bakin wani na tsince shi ba. Da idona na gani, kuma da hannuna a ciki, shi ya sa har yau ya hana ni sakat.

A gidan akwai Habboba, wato kaka a bakin mutanen nan, da babban ɗanta Sharafaddeen mai shagon fanka da firji a Kasuwar Libiya, da iyalinsa. Can ɗakin ƙarshe kuma Laraba ce, matar ƙanensa Ƙasimu, wanda ya tafi haƙar zinariya arewa, sai a yi wata biyu ba a ji muryarsa a waya ba. 'Yarsu ɗaya, Duha, shekararta tara, ba ta magana. Likita ya ce tawahhud ne, wato yaron da ke zaune cikin duniyarsa shi kaɗai, ƙara na firgita shi, canjin wuri na rikita shi. Habboba ta ce aljanu ne. Sharafaddeen kuwa ko sunanta bai cika kamawa ba, sai dai ya ce "yarinyar nan".

Ni da Laraba sana'armu ɗaya. Tagiya muke saƙawa da kwarashi, da 'yan rigunan jarirai na ulu, ranar Alhamis mu kai Kasuwar Umdurman. Wajen saƙar tamu gindin wata bishiyar lemun tsami ne a tsakiyar gidansu, wadda marigayi mijin Habboba ya dasa shekarar da suka baro gonakin Jazira. Nan Duha take wuni. Duk guntun ulun da ya rage mana ita muke ba, ta ɗaura shi a reshe da wani ɗan ƙulli nata mai kyau, kowane launi da reshensa, ba ta taɓa haɗawa.

Laraba ce ta gane cewa yarinyar magana take yi da zaren nan. Shekara uku ta yi tana lura kafin ta haddace. Idan Duha ta kwance shuɗi ta kawo, ruwa take so. Rawaya yunwa ce. Ja kuwa ciwo, ta ajiye shi daidai inda ke mata zafi. Kore shi ne "zo ki zauna kusa da ni". Idan an biya mata buƙata sai ta mayar da zaren reshensa ta ɗaure. Ranar da ta fara ajiye min kore a cinya, wallahi sai da na yi hawaye, Laraba tana min dariya.

"Suhaila, kin zama 'yar gida," ta ce. "Ko ubanta sau biyu kawai ya samu kore."

Sai aka sa ranar auren Wafa, babbar 'yar Sharafaddeen. Dangin ango mutanen Khartum ne, masu mota da gidan bene, kuma tun daga ranar da suka zo gaisuwa Sharafaddeen ya fara kallon tsakar gidan nan kamar yau ya fara ganinta. Ya ce za a yi jinena, wato lambun ƙawa, irin ta manya: a shimfiɗa balat, tayil ke nan, a dasa ciyawa a tsakiya, a jera fitilu da tukwanen fure. Bishiyar kuma a sare ta, don tana zubar da ganye, ga tsummokaran da ke reto a jikinta.

Ina nan zaune da kwarashina lokacin da Laraba ta durƙusa masa.

"Yaya, alek Allah, na haɗa ka da Allah, a bar bishiyar. A zagaye ta da balat ɗin, ai kyau ma za ta ƙara."

"Kyau? Wannan mai kama da wajen bori?"

"Bakin Duha ke nan, Yaya. Idan aka sare ta, da me za ta ce min tana jin ƙishi?"

"Ki ba ta ruwa sau biyar a rana, halas. Akuya ma ba ta tambaya, kuma ba ta mutu ba." Ya juya wajen uwarsa. "Yumma, ki yi mata magana. Dama ana mana kallon Fallata, baƙin da kakanninsu suka zo daga yamma, sai kuma surukai su zo su tarar da wannan?"

Habboba tana kan angareb, gadon nan na igiya, tana jan carbi. Ba ta ɗaga kai ba ta ce, "Laraba, gidan nan ba ubanki ya gina ba. Ma'alesh, ki yi haƙuri."

Ranar Asabar da hantsi masu gatari suka zo. Duha ta rungume gindin bishiyar, ƙayoyin suna karce mata hannu ba ta sake ba, tana wani irin kuka mai fita daga maƙoshi. Mutum biyu suka ɓamɓare ta. Laraba ta riƙe ta ta baya, ta toshe mata kunnuwa, ita ma tana kuka. Kafin azahar an gama. Habboba ta ce kada a zubar da rassan, itace ne, ga biki na tafe. Aka jibge su a bayan gida, kusa da ɗakin ajiyar buhuna, da zarurrukan duka a jikinsu.

Daga ranar Duha ba ta sake zama lafiya ba. Laraba ta zuba mata sabon ulu a kwano, launi huɗu, ta ƙi ko kallo. Ta je ta kwanto na jikin rassan ta kawo mata, yarinyar ta watsar tana dukan kanta, don a wajenta zaren da ba a reshe yake ba ba magana ba ne. Da aka dasa ciyawar, da asuba aka tarar da ita a daidai inda bishiyar take a da, tana tono da farce, ta ɗaga ciyawa kusan faɗin tabarma. Aka gyara, ta sake. A karo na uku Sharafaddeen ya ja ta da hannu ɗaya har ɗakin ajiya, ya rufe ƙofa ya sa kwaɗo.

Ɗakin nan ba taga, rufin kwano, kuma watan Mayu ne. Duk wanda ya san zafin Umdurman ya san me nake nufi. Da la'asar da aka buɗe, Duha tana kwance kan buhun albasa ba ta motsi, goshinta ya kumbura. Sai da aka sheƙa mata ruwa ta farfaɗo. Na ɗauka wannan zai tsorata su. Abin da ya fito daga shawararsu shi ne a bar ƙofar a buɗe don iska, amma a ɗaure mata ƙafa da igiya a jikin ƙarfen gado.

"Har zuwa bayan biki ne kawai," in ji Habboba. "Don lafiyarta ne ma. Ga ma'aikata, ga siminti, kada ta ji ciwo."

Igiyar shanya ce ta roba. Tsawonta yana kai Duha bakin ƙofa, inda take hango tarin rassan, taku uku tsakaninsu amma ba ta isa. Nan take wuni a tsaye tana ja, tana miƙa hannu. Idan Sharafaddeen ya tafi kasuwa Laraba takan kwance ta ta kai ta wajen, yarinyar ta zauna ta shafa zarurrukanta ta yi shiru. Amma Habboba ta gani ta faɗa, aka ce idan ta sake, ita da 'yar su nemi wani gidan. Laraba ba ta da kowa a Umdurman, sai wata yayarta can unguwar Hajj Yusuf ta tsallaken kogi, mai 'ya'ya bakwai a ɗaki biyu.

Ta samu Ƙasimu a waya da ƙyar, a gabana. Ina jin muryarsa tana yankewa.

"Ki bi Yaya a hankali, Laraba. Ni ina nesa. Sati huɗu ne, kamar gobe."

"Abu Duha, ta daina cin abinci. Jiya fitsari ta yi a tsaye."

"To ni me zan yi daga nan? Kada ki ɓata ni da ɗan'uwana. Allah karim."

A sati na biyu igiyar ta ci idon sawunta har ya fara ruwa. Yarinyar da ke da kumatu ta koma sai idanu. Leɓenta ya tsage, don ba ta iya cewa ruwa, idan an kawo ba lokacin da take so ba kuma sai ta ture. Ranar na kasa haƙuri, na tare Sharafaddeen a ƙofar gida yana sa ido kan masu jera tukwanen fure.

"Abu Wafa, ka ji tsoron Allah. 'Yar ƙanenka ce fa. Hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar."

Ya yi min murmushin 'yan kasuwa. "Hajja Suhaila, ke ba ki san mutanen nan ba. Idan suka gan ta, cewa za su yi a jini yake, gobe su ce jikokinsu haka za su fito. Kina so a fasa auren Wafa? Ita Wafa ba 'ya ba ce?"

"Ita ma 'ya ce. Amma ita ba a ɗaure take ba."

"Wacce ba ta san inda kanta yake ba, ɗauri da saki duk ɗaya ne a wajenta. Ci, sha, kwana, wa ke yi musu? Ni ne. Uban nata yana ina?"

Na koma gida raina a ɓace. Da ma nan na tsaya da faɗan, ko na tafi na tara matan unguwa, ko na ɗauko yarinyar na kawo ɗakina na ce duk mai ƙarfi ya zo ya karɓa. Ban yi ko ɗaya ba. Tsoron ɓata maƙwabtaka ya kama ni, sai na nemi dabarar da ba za ta ɓata wa kowa rai ba. Na ɗauki ulu mai kauri na shiga wajen Laraba na ce, "Tunda ɗaurin ya zama dole, mu saƙa mata igiya mai laushi, kada ƙafar ta ruɓe."

Ta dubi ulun, ta dubi ƙafar Duha. Sannan ta ɗauki kwarashinta. Muka zauna a bakin ɗakin ajiya, ni na kama wannan kai ita wancan, muka saƙa igiya ninki huɗu, da ɗan zobe mai taushi na zagaye ƙafa. Laraba da kanta ta ɗaura wa 'yarta, hawaye na ɗiga kan zaren. Habboba ta zo ta duba ta yaba. "Kun gani? Da hankali ake komai. Allah ya yi muku albarka."

Abin da muka manta, mu masu sana'ar, shi ne saƙar kwarashi bakin zare ɗaya gare ta. Wanda ya samo shi ya ja, duk ta warware. Kuma a gidan nan babu wanda ya san zare kamar Duha. Kullum sai ta lalubo ƙullin ƙarshe ta warware kamu ɗaya ko biyu, kullum da yamma Laraba ta mayar. Ba mu faɗa wa kowa ba, don kada a dawo da igiyar roba.

Ranar jirtig ta zo, ranar da ake zaunar da amarya da ango kan angareb mai jan shimfiɗa a ɗaura musu jan alharini a hannu. Tun safe gida ya cika. Jinena ta yi kyau, ba zan yi ƙarya ba, ciyawa shar, balat yana ƙyalli. Masu dafa abinci da aka ɗauko suka kafa manyan tukwane a bayan gida. Laraba kuwa Habboba ta turo ta gidana yin kisra, siririyar wainar dawa, tun da sassafe, wai wurina ya fi sarari. Gaskiyar ita ce ba a so wani baƙo ya tambaye ta 'ya'yanta nawa.

Sau biyu ta ajiye ƙullu ta ce bari ta leƙa Duha, sau biyu aka aiko cewa kisra ta ƙare a wajen maza. Ta leƙa ta katanga da azahar, ta hango ta zaune a bakin ƙofa ta sunkuyar da kai kan ƙafarta. Ta ce min, "Yau ta yi shiru, alhamdu lillahi."

Bayan la'asar itacen masu dafuwa ya ƙare. Suka juya ga tarin rassan lemo, waɗanda suka bushe ƙayau, suka fara turawa ƙarƙashin tukunyar nama da zarurrukan a jiki. Mutanen nan baƙi ne, ba wanda ya gaya musu akwai yarinya a ɗakin buhuna. A can gaba an fara guɗa, ana buga gangar dalluka, mata suna waƙa.

Ƙarar da muka ji ba irin kukan da muka saba ba ce. Laraba ta riga ni taka bokitin, ban san yadda ta tsallake katangar ba. Da na leƙa, sai na ga ulun igiyarmu a warware, ya yi layi mai lanƙwasa daga ƙafar gado har bakin murhu. Duha tana durƙushe gaban wutar, hannayenta biyu a ciki, tana jawo reshe. Ulun nan na kasuwa roba ne, idan ya ji wuta narkewa yake ya manne. Ya manne mata a yatsu. Mai dafuwar ya fizge ta yana salati, ita kuwa tana ƙoƙarin komawa.

Laraba ta sungume ta ta nufi ƙofar gida, hanyar da ta ratsa tsakiyar jinena. Sharafaddeen ya tare ta a lungu, cikin farar jallabiya da rawani.

"Ina za ki?"

"Mustashfa, Yaya, asibiti! Dubi hannunta!"

Ya duba. Na ga fuskarsa ta canza, wallahi na gani. Amma sai ya waiwaya wajen baƙi.

"Yanzu ake ɗaura alharini. Ki jira minti goma a gama. Yumma, a kawo man goge baki a shafa mata."

"Minti goma?"

"Ko ki bi ta nan." Ya nuna katangata.

Haka aka yi. Mai dafuwa ya ɗaga yarinyar, ni na karɓe ta ta saman katanga kamar kayan sata, uwarta ta biyo baya gwiwarta na jini. Muka fita ta ƙofata muka tari raksha, keke mai ƙafa uku. Muna wucewa ta gaban gidan ana rangaɗa guɗa, an gama ɗaurawa.

Kwana ashirin da shida Duha ta yi a asibiti. Likitan ya ce za ta rayu, amma yatsu uku na dama da biyu na hagu sun ƙanƙance, ba za su sake miƙewa yadda suke ba. Ya tambayi yadda aka yi yarinya mai irin wannan lalura ta isa murhu ba kowa kusa, ya kuma tambayi tabon da ke idon sawunta. Laraba ta sunkuyar da kai. Ni ma na sunkuyar.

A gida kowa ya samu abin faɗa. Habboba ta ce ƙaddara ce, kuma dama aljanu wuta suke so. Ƙasimu ya bugo waya ya ce Laraba ta yi sakaci. Sharafaddeen ya zo asibiti sau ɗaya da ledar ayaba, ya tsaya daga bakin ƙofa ya ce, "Da an bar igiyar roba da duk haka ba ta faru ba. Ku mata da wayonku." Dangin ango har yau sun ɗauka 'yar mai aikin kisra ce ta ƙone, don haka aka gaya musu, har uwar angon ta aiko da sadaka.

Babu mugu a cikinsu, idan ka tambayi unguwa. Sharafaddeen sahun farko yake sallah. Habboba ba ta kwana da abinci maƙwabci na jin yunwa. Ni kuma ana ce min mai tausayi. To mu ɗin nan, masu sallah da sadaka da tausayi, mu muka taru a kan yarinya 'yar shekara tara. Wani ya sare, wata ta ce don lafiyarta ne, wani ya ce a yi haƙuri, ni kuma na kawo ulu don ɗaurin ya yi laushi. Gidaje nawa ne a Umbadda da Hajj Yusuf ke da irin wannan ɗakin buhunan, da yaron da ake ɓoyewa idan baƙi sun zo? Mun san su. Muna shan shayi da iyayensu, muna cewa a bar kaza cikin gashinta.

Laraba ba ta koma gidan ba. Daga asibiti Hajj Yusuf ta wuce, ɗakin yayarta, su goma sha ɗaya. Amma abin da ba ya barin idona ya faru ne kwana biyu kafin a sallame su. Na je da wani ɗan reshen lemo da na roƙa a gidan wata mata, na ɗaura masa zare huɗu da irin ƙullin Duha, iya yadda na iya kwaikwaya. Na kafa shi a kwalbar ruwa a gefen gadonta.

Ta daɗe tana kallonsa. Wata biyu ke nan rabon da ta ce wa kowa komai. Sai ta ɗaga hannunta mai naɗe da bandeji ta kai wajen reshen, ta gwada kamawa, ya kuɓuce. Ta sake, ya kuɓuce. Laraba ta miƙa hannu za ta taimaka, na riƙe ta, don ba mu san wanne take so ba. Duha ta matso da fuskarta, ta sa haƙora ta ciji bakin zaren, ta ja a hankali har ƙullin ya kwance.

Ja ne. Muka zuba ido mu ga ta ajiye shi a kan hannun da ya ƙone. Ba can ta kai shi ba. Ta lanƙwasa jikinta da ƙyar, ta sauke shi a kan idon sawunta, inda uwarta ta ɗaura mata igiyar da muka saƙa.